Aron Jiki

Wayar ta shigo ne daidai lokacin da Randa ya kashe bas a ƙarshen layi, fasinjan ƙarshe yana sauka yana mitar zafi. Baƙuwar lamba ce. Kamar ba zai ɗauka ba, don minti goma kacal ake ba direba ya miƙe ƙafa kafin ya juya, sai kuma ya ɗauka.

"Direba mai lamba ɗari biyu da sha bakwai?" Muryar mace ce, babu wasa a cikinta.

"Shi ne."

"Likitar da ke duba ma'aikatan kamfaninku ce. Sakamakon gwajinka na makon jiya ne a gabana. A zaune kake?"

A zaune yake, a kan kujerar da ta lotsa daidai faɗinsa. Ba a banza abokan aiki suka laƙaba masa Randa ba. Amma shi dai bai je wani gwaji ba makon jiya.

A garejin bas ɗin akwai abin da direbobi suke kira aron jiki. Duk shekara kamfani yana tura kowa wani asibiti mai zaman kansa a duba shi, wanda ya faɗi gwaji a karɓe masa makulli. To wanda bai yarda da jikinsa ba, sai ya nemi ɗan'uwa mai ƙoshin lafiya ya ba shi katin aiki ya je a madadinsa. A asibitin lamba suke kira, ba fuska ba. Shekara uku da suka wuce aka taɓa auna jinin Randa a wani kantin magani aka ce ya hau, tun daga nan tsoro ya kama shi, ya koma aron jikin ƙaninsa, tela, wanda kowa ke kira Tsinke saboda rama. Abin ma ya zo da sauƙi. Hoton da ke kan katin tun na farkon ɗaukar aiki ne, lokacin Randa yana siriri, kuma duk wanda ya kalle shi Tsinke zai gani. Sau biyu ana auna jini da ido a buga hatimi. Bana ne aka ƙaro ɗibar jini da hoton ciki.

"Hoton ya nuna kitse ya lulluɓe hantarka," in ji likitar. "Ba kaɗan ba."

"Likita, ni fa ban taɓa kai giya bakina ba."

"Ban ce ka sha ba. Da yawa daga cikin waɗanda nake gani da wannan ba su sha. Kuma ba don hantar na kira ka da kaina ba. Hanta tana iya shekaru tana haƙuri ba ta ce uffan ba. Zuciyarka nake tsoro. Abin da yake tara wa hanta kitse, sau da yawa shi ne yake can yana toshe hanyoyin jinin zuciya. Masu irin wannan hantar, zuciya ta fi kashe su a kan hantar kanta. Sukarinka ya hau, kitsen jininka ya hau. Ka gaya wa nas mahaifinka ya yanke jiki ya faɗi yana da shekara arba'in da takwas. Ka kuma ce mata ƙirjinka yana ɗaurewa in ka hau bene. Tun yaushe?"

Kullum sai Randa ya ga Tsinke, cikinsu ɗaya, amma bai taɓa jin wannan maganar ba. Ashe shi Tsinken baƙuwar nas ya gaya wa.

"Ya... ya ɗan kwana biyu."

"Ranar Alhamis ƙarfe tara ka zo a gwada zuciyar. Na saka ka a gaba. Kada ka ɗaga."

Kwandasta ya buga jikin motar. Randa ya tayar da inji. Ranar Talata ce.

Shagon Tsinke yana saman jerin shagunan bakin kasuwa, matakala ashirin da biyu. Da yamma Randa ya hau su yana haki, ya tarar da ƙanin nasa a inda ya saba, ya duƙufa a kan keke, tef ɗin awo a wuya, allura a baki. Kayan makaranta ne ko'ina, shuɗi da fari, an jibge har kan taga. Ƙarƙashin teburin kwalaben lemo ne jere babu komai a ciki, ga kofin shayi da sukari ya kwanta a gindinsa kamar yashi.

"A'a, Yaya! Ka yi sallama tun daga ƙasa mana in ɗaure benen, kada ka rushe wa mutane gini."

"Kai dai ka riƙe tebur, kada iskar fanka ta fita da kai ta taga."

Tsinke ya yi dariya, ya janye tulin wanduna daga kan benci. Randa ya zauna yana kallonsa. Dogon wuya, siraran hannuwa, goshin nan mai sheƙi. Babansu sak. Haka shi ma yake, ba tumbi ba komai, ranar nan ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi bai sake ɗagowa ba.

"Asibitin nan sun kira," in ji Randa.

Keken ya tsaya cak. "Sun gane?"

"Ba su gane ba. Wai hoton ya nuna kitse a hanta."

Tsinke ya kalli cikinsa da ya lafe kamar faranti, ya kalli na yayansa, ya ƙyalƙyale da dariya har allurar ta faɗi. "Kitse? A jikina? Yaya, naka ne ya biyo lambar katin! Ni in aka matse ni ko cokali ɗaya ba za a samu ba."

Nan ne ya kamata Randa ya faɗi sauran. Maganar tana bakinsa: zuciya, Baba, bene. Amma ya san ƙaninsa. Tsinke ba ya iya riƙe tsoro. In ya ji, matarsa ta ji, in ta ji kuwa gobe da safe tana gaban likitar nan da shi a hannu, da sunansa na gaskiya. Daga nan kora ce. Kuma ba aikin kaɗai ba. Dokar kamfani ce duk direban da ya cika shekara ashirin da biyar babu tabo, gidan da aka ba shi ya zama nasa. Saura mako tara. A gidan nan Inna take, a ɗakin da ke kallon bishiyar lemun tsami da ta dasa da hannunta.

"Sun ce a koma ranar Alhamis," ya ce. "Ɗan ƙarin gwaji ne. Ka daure ka je."

"Alhamis? Haba Yaya. Litinin ake komawa makaranta, ko rabi ban kai ba. Shugabar makarantar nan in ta kira ni har keken rawa yake. Ka ce musu wani makon."

"Ƙirjinka fa? Lafiya?"

Tsinke ya ɗan dube shi ta gefen ido, ya mayar da kai kan ɗinki. "Ƙwarnafi ne. Zama ne ya yi yawa."

Randa bai matsa ba. Ya gaya wa kansa zai kira asibitin ya nemi a ɗaga.

Bai samu damar ba. Ranar Laraba Manajan gareji ya liƙa takarda a allon sanarwa: direbobi huɗu da asibiti ya nema, motar kamfani ce za ta kai su, shi ma da kansa zai raka. Lambar Randa ce ta biyu.

Don haka ranar Alhamis Randa ne ya tuɓe riga a wani ɗaki mai sanyi, wani ma'aikaci ya manna masa wayoyi a ƙirji ya hau da shi injin da ake tafiya a kai ana nan wuri ɗaya. Ma'aikacin bai buɗe fayil ba, lambar kawai ya kwafa. Injin ya fara a hankali, ya ƙara sauri, ya ɗaga gaba kamar tudu. Randa ya yi ta takawa, tumbi yana rawa, gumi yana ɗiga a kan roba. Yana jira wani abu ya tsinke a ƙirjinsa. Har so yake ya tsinke.

"Ya isa, Baba," in ji ma'aikacin yana yage doguwar takarda. "Kai, ashe jikin ne kawai. Zuciyarka ta fi tawa."

Shekara uku yana ɓuya daga gwajin da zai ci. Ya zauna a bakin gado yana ɓalla maɓallan riga, ya kasa sa su daidai.

Ofishin likitar yana ƙarshen baranda. Ƙaramar mace ce mai furfura a gaban goshi, gilashinta rataye da igiya. Ta amsa sallamarsa ba ta ɗago ba, ta nuna masa kujera. Da kujerar ta yi ƙara sai ta ɗago. Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta dubi fayil. Ta sake dubansa.

"Kilo sittin da biyu," ta karanta. "Makon jiya."

"Ƙila nas ce ta yi kuskuren rubutu, ranki ya daɗe."

"Hau gadon can."

Ta shafa masa wani ruwa mai sanyi a ciki, ta dinga goga na'ura tana kallon allo. Ba ta daɗe ba ta miƙa masa takardar goge jiki.

"Kai ma akwai ɗan kitse, za mu yi maganarsa. Amma wannan ba hantar da na gani ba ce. Kuma mutumin da ke cikin fayil ɗin nan an taɓa yi masa aiki a gefen dama, nas ta rubuta tabon. Ina naka?"

Randa ya ja riga ya rufe cikinsa.

"Malam direba, na san abin da kuke yi a garejinku, ba yau na fara zargi ba. Wane ne?"

"Ni ne na zo, Likita."

Ta cire gilashin ta ajiye. "To saurara. Akwai wani mutum a garin nan yana yawo da hanyoyin jinin da nake kyautata zaton sun kusa rufewa. Shi bai sani ba, ko bai san girman abin ba. Wurin da na tanadar masa yau, kai ka hau ka yi gudu a kai. Ni ban san sunansa ba, ban san gidansu ba. Kai kaɗai ka sani."

Fankar sama tana juyawa tana ƙiƙi-ƙiƙi. Ta bayan ƙofa yana jin muryar Manaja yana waya.

"Litinin ƙarfe biyu nake aika wa kamfani rahoto," ta ci gaba. "In ka kawo shi, a ranar zan duba shi da sunansa, ba zai bi layi ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, abin da ya faru zan rubuta. Ba na sa hannu a kan ƙarya. In ba ka kawo shi ba, ba ni da shaida. Sai in rubuta an samu ruɗani a fayil, an sake gwaji, ka ci. Ka fahimta?"

Ya fahimta sarai. Ya tashi ya yi godiya kamar an yi masa kyauta.

"Lafiya lau ko?" Manaja ya tambaya a mota.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Ai na ce! Randa ba ya fashewa."

Ranar Asabar da safe ya tafi babban asibitin gwamnati. Ya bi layi awa uku, ya kai gaban taga, ya ce ƙaninsa yake son a duba wa zuciya. Matar da ke ciki ta tambayi takardar likita. Takardar sakamakon da likitar kamfani ta ba shi tana aljihunsa, amma lambarsa ce a kai. Ya ce babu. Ta ce to sai dai layin kowa da kowa, ta rubuta masa rana a ɗan kati: wata uku cif. In ciwon ya taso kafin nan, a kawo shi ɓangaren gaggawa.

Ya fito yana juya katin. Wata uku ya ɗara mako tara. Ya yi wani abu ke nan, ba za a ce ya zauna ba. Da wannan ya lallashi kansa har gida.

Ya tarar da Inna a falo da igiya a hannu tana auna taga, tana ƙulla alama.

"Inna, me ake yi kuma?"

"Labule. Ƙaninka ya ce da ya sallami 'yan makaranta zai ɗinka mini sababbi. Shekara ashirin da huɗu ina rataya tsumma a gidan mutane, yanzu da zai zama namu ai sai a yi na kirki." Ta miƙa masa bakin igiyar. "Riƙe nan. Kai kuma me ya same ka kwanan nan, abinci ma sai ka jagwalgwala ka tashi?"

"Likita ce ta ce in rage."

"Ta kyauta. Ka ɗiba ka ba ɗan'uwanka. Shi kam ubanku ya ɗauko, ci kamar me, jiki kamar sanda."

Ya riƙe mata igiyar.

Ranar Lahadi kasuwa ba cika. Ya nufi shagon da katin asibitin a hannu, yana shirya yadda zai faɗa cikin wasa. Bai kai sama ba. A matakala ta sha biyu ya samu Tsinke zaune, bandir ɗin yadi a gefensa, ya jingina kai da bango. Fuskarsa ta yi toka-toka, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Yana murza kafaɗar hagu.

"Hutawa nake, Yaya. Benen nan ƙara tsawo yake kullum."

Randa ya zauna a matakalar ƙasa da shi, ya toshe hanyar gaba ɗaya. Sai ya faɗa. Duka ya faɗa: wayar, zuciyar, injin gudu, tabon, Litinin ƙarfe biyu. Bai ɗago kai ba har ya gama.

Tsinke ya dube shi. "Tun Talata ka sani?"

"Tun Talata."

"Hm."

Wannan ƙaramin sautin ya fi zagi ciwo. Randa ya jira faɗa, ya jira kuka. Tsinke ya karɓi katin ya karanta ranar, ya juya bayansa kamar akwai ƙari.

"In na je wajenta, gidan ya tafi?"

"Ya tafi."

"Inna ta koma ina? Ɗakina ɗaya da falo, ga 'yan biyu ga uwarsu."

"Zan san yadda zan yi. Gobe mu je."

"Ba za ka san komai ba." Tsinke ya sa katin a aljihu. Launinsa ya fara dawowa. "Shekara guda ina jin abin nan, Yaya, bai kashe ni ba. In na zauna minti biyar sai ya saki. Mako tara ne fa. Zan bar lemo, zan bar sukari, kai kuma ka dinga ɗauko mini yadi, dama jikin ya samu amfani. In gida ya zama namu, ka kai ni ko ina ne su buɗe ni su duba. Kada dai ka gaya wa uwar 'yan biyu."

"Tsinke..."

"Ni da jikina na ce na yarda. Aro ka yi, ba saya ba."

Randa ya ce to. Abin da ba zai taɓa yafe wa kansa ba shi ne sanyin da ya ji ya sauka a ƙirjinsa lokacin da ya faɗi kalmar. Ya ɗauki bandir ɗin ya kai sama.

Litinin ta waye da cunkoso, yara cikin sababbin kaya ko'ina. Zagaye na uku, wajen ƙarfe goma, bas ɗin Randa ya tsaya a tashar bakin kasuwa cike da mutane. Ta gilashi ya hango ƙaramar motar haya a gindin benen, but a buɗe, Tsinke yana tura ƙullin kayan da suka rage a ciki. Randa ya danna oda ya leƙo.

"Ba na ce ka jira ni in tashi ba?"

"Matar nan ta kira sau shida!" Tsinke ya ɗaga yatsa. "Saura ɗaya. Ja motarka, Yaya, kana tare wa masu abin hannu hanya!"

Ya juya ya hau benen da ɗan gudunsa.

Fasinja sun gama shiga. Kwandasta ya buga jikin mota. Randa ya sa giya, ƙafarsa tana kan birki, idonsa yana bakin benen. Hawa da sauka minti biyu ne. Minti biyu ya wuce. Direban hayar ya duba agogo.

"Direba, mu tafi mana!"

"Barci yake ne?"

Randa ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa ya dira. Bai san yana iya gudu haka ba sai da ya tuna injin.

A matakala ta sha biyu ya same shi. Ƙullin ya gangara ya kwance, fararen riguna sun watse a kan matakalu. Tsinke ya dafe ƙirji da hannu biyu, bakinsa a buɗe yana neman iska, leɓensa ya canza launi.

"Bai... saki ba, Yaya."

Randa ya sungume shi. Kilo sittin da biyu, kamar ba komai a hannu. Ya sauko da shi, ya wuce motar hayar da kaya suka cika ta, ya shiga bas ya kwantar da shi a kujerar gaba, wata mata ta yi maza ta tashi ta tallafe masa kai.

"Mai sauka ya sauka yanzu!" ya daka tsawa. Bai jira ba.

A mahaɗar farko layinsa dama yake bi. Ya karya hagu. Wasu a baya suka fara hayaniya, kwandasta ya ce musu wani abu, motar ta yi tsit. Babban asibiti yana can ƙetaren gari, bayan gada da cunkosonta. Asibitin likitar yana nan kusa, titi huɗu. Ya ɗora hannu a kan oda bai ɗaga ba. Wani dattijo ya leƙa ta taga yana kaɗa hula yana kore masu babur.

Tsinke ya buɗe ido, ya ga allunan shagunan da ke wucewa, ya gane hanyar. Sau uku ya bi ta da katin wani a aljihu.

"Yaya... kada ka kai ni can. Za su gane."

"Rufe mini baki."

"Gidan..."

"Na ce ka rufe mini baki!" Muryar Randa ta fashe. "Ka yi numfashi kawai. Ka ji? Numfashi kawai na sa ka."

Ya shiga harabar asibitin da bas ɗin gaba ɗaya, ya taka furannin bakin ƙofa. Ma'aikata suka fito da gadon turawa. Likitar tana saukowa daga bene da fayiloli a hannu, ta ga Randa, ta ga wanda ke kan gadon. Ba ta tambayi komai ba. Ta zube fayilolin a kan teburin karɓar baƙi ta bi gadon da gudu, ƙofa ta rufe.

Randa ya zauna a benci. Fasinja suka watse ɗaya bayan ɗaya, matar da ta riƙe kan Tsinke ta tsaya ta yi masa addu'a ta tafi. Wayarsa tana ta ruri a aljihu, Manaja ne. Kwandasta ya zo ya tsaya, ya koma ya zauna a matakalar bas. Agogon bango ya ci sha ɗaya, ya wuce.

Da ƙofar ta buɗe, tafiyar likitar kawai ya gani ya sani. Ta zo ta zauna kusa da shi a bencin. Tef ɗin awo ne a hannunta, a naɗe.

"Minti arba'in muka yi a kansa," ta ce. "Sai haƙuri."

Ya karɓi tef ɗin. Da sauran ɗumi a jikinsa. Ya yi salati a hankali, muryar kamar ba tasa ba.

"Likita, da na kawo shi ranar Alhamis?"

"Ban sani ba. Ba zan ce maka tabbas ba. Da dai mun samu damar gwadawa."

Ta tashi ta ɗauko fayil ɗaya daga cikin waɗanda ta zubar. Rahoton yana maƙale a gabansa, an buga shi tsaf, an samu ruɗani, an sake gwaji, ya ci, wurin sa hannu ne kawai ya rage. Ta zare shi ta ninke ta sa a aljihun farar rigarta. Ta ja layi a kan lamba ɗari biyu da sha bakwai.

"Me yake a wurinka?"

"Ƙanina ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Sunansa?"

Ya faɗa mata, cikakke, da na babansu. Ta rubuta a saman fayil ɗin, a kan hoton hantar, a kan takardar jinin, kowace ɗaya sai da ta bi ta gyara.

A waje ya miƙa wa kwandasta makullin motar da katin aikinsa, ya ce ya kai wa Manaja. Ya ratsa ƙofar da ƙafa. Gidan Tsinke ya fi kusa, amma ya kasa fara tunkarar uwar 'yan biyu, don haka ya miƙe hanyar gidajen kamfani, rana tsaka, tef ɗin a dunƙule cikin hannunsa.

Tun daga nesa ya ga tagogin falo tsirara. Inna ta sauke tsofaffin labulen ta jibge a bakin ƙofa, tana tsaye a kan ƙaramar kujera tana goge gilashi. Ta juyo ta gan shi.

"Yau da wuri haka? Ka biya ta shagon ƙaninka? Ya ce da yamma zai zo ya ɗauki awon."

"Inna," ya ce, "sauko daga kan kujerar tukuna."